Tonon Silili a Talabijin: Nasiha Ga Matasan Jos

Ƙannena maza da mata, da ku nake. Duk wanda ya tashi a Jos ya tashi ne a garin da ya san talabijin ciki da bai. A nan gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato ya fara watsa hoto mai kala a tsakiyar shekarun 1970, tun sauran tashoshin ƙasar nan suna baƙi da fari. A Rayfield Kwalejin Talabijin ta NTA take, tun 1980 tana yaye masu ɗaukar hoto da masu tace shi da masu gabatar da shirye-shirye. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana nan, makarantarta ta koyar da harkar fim tana nan, kuma a watan Afrilun 2016 da Jos aka fara gwajin mayar da watsa shirye-shirye tsarin dijital. Bai dace 'ya'yan gari mai irin wannan tarihi su zama 'yan kallon da ake juyawa yadda aka ga dama ba. Shi ya sa nake so mu duba wata sana'a da ta yi ƙarfi a zamaninku, ta tara jama'a da abin kunyar fitattun mutane da kuskuren da ya suɓuce musu a gaban kyamara. Duk inda kuka ga an baje abin kunyar wani, ku sani akwai mai karɓar kuɗi, akwai mai biya da mutuncinsa, kuma sai kun kalla cinikin yake faɗawa.

Mu fara da inda gidan talabijin yake samun kuɗi. Shirin da kake kallo kyauta, ba kai ka sayi man janareta ba, ba kai ka biya albashin ma'aikata ba. Mai talla ne ya biya, kuma abin da ya saya shi ne yawan idanun da za su kasance a gaban allo lokacin da za a saka tallarsa. Tun da aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992 aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi, sai tauraron ɗan'adam ya shigo, daga baya YouTube da Facebook da TikTok suka biyo. Masu neman idon jama'a suka yi yawa, sa'o'in yini kuwa ba su ƙaru ba, sai kowa ya shiga neman abin da zai tsayar da mai wucewa. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar ƙauye ranar da take ci ya san mai maganin nan da ke zuwa da maciji a kwando. Ba macijin ya kawo sayarwa ba, yana fito da shi ne don a taru, in da'ira ta cika sai ya kwance jakar magani. Abin kunyar jarumi shi ne macijin, talla ita ce jakar. Sai dai a nan abin da ake wasa da shi ɗan'adam ne mai iyaye, mai 'ya'ya, mai surukai da maƙwabta.

Dalilin da ya sa ake zaɓar abin kunya kuwa shi ne arha. Wasan kwaikwayo mai kyau yana buƙatar marubuci da 'yan wasa da wurin ɗauka da watanni ana aiki. Ɗan jaridar da yake son ya binciko dalilin da ya sa babbar kasuwar Terminus, wadda ta ƙone a 2002, ta haura shekara ashirin ba a sake gina ta ba, sai ya bi ofisoshi, ya nemi takardu, ya jure korar da za a yi masa. Tonon silili kuwa kujera biyu da kyamara ɗaya sun ishe shi. Ga yadda ake yi. Za a gayyato jaruma a yi hira da ita ta sama da awa guda, ta yi maganar yadda ta shiga sana'ar, da karatunta, da marayun da take riƙo. Can wajen ƙarshe, bayan ta saki jiki, sai a jefo tambayar mutuwar aurenta. Ta yi shiru, ta sa gefen mayafi ta share ido. Mai tace hoto zai zauna gaban kwamfuta ya yanke wannan daƙiƙa arba'in ɗin, ya cire tambayar da ta jawo hawayen, ya sa kiɗa mai sanyaya jiki, ya zaɓi hoton da bakinta yake a buɗe, ya rubuta da jan rubutu cewa asiri ya tonu. Wannan guntun shi za a saki kwana uku kafin shirin. Mafi yawan waɗanda suka gan shi ba za su taɓa kallon cikakkiyar hirar ba, amma kowa ya riga ya yanke mata hukunci.

Ba na cewa duk kuskuren da ya faru kai tsaye shirya shi aka yi. Harshe yana suɓucewa, na'ura tana tsayawa, mai gabatarwa yana iya karanta sunan da ba shi ba. Abin dubawa shi ne abin da ake yi da kuskuren bayan ya auku. Ranar 1 ga Fabrairun 2004, a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da tashar CBS ta watsa, mawaƙi Justin Timberlake ya ja rigar mawaƙiya Janet Jackson, jikinta ya bayyana na abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Tashoshin da suka fi kowa nuna ɓacin rai su ne suka yi makonni suna maimaita hoton safe da yamma. Hukumar sadarwar ƙasar ta ci tarar CBS dala 550,000, daga baya kotu ta soke tarar. Mako guda bayan abin, namijin ya halarci bikin Grammy har ya karɓi kyauta, matar kuwa ba ta je ba, kuma ta daɗe tana ɗanɗana kuɗarta a sana'arta. Jawed Karim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa YouTube a 2005, ya faɗa da bakinsa cewa wahalar samun wannan hoton a intanet tana cikin abin da ya kawo musu tunanin kafa dandalin. Ku lissafa da kanku: tashoshi sun samu 'yan kallo, kamfanoni sun samu kasuwa, nauyin kuma ya sauka a kan mutum ɗaya.

Idan kuskuren bai zo da kansa ba, akwai masu gina masa hanya. A watan Nuwamban 1995, mutum kusan miliyan 23 a Birtaniya suka kalli hirar da Gimbiya Diana ta yi da BBC, inda ta fallasa halin da aurenta yake ciki. Sai a 2021 binciken Lord Dyson ya tabbatar da cewa ɗan jaridar, Martin Bashir, ya yi amfani da takardun banki na jabu don ya samu amincewar ɗan'uwanta, har BBC ta nemi gafara. A ƙasar dai, tashar ITV ta shafe shekara goma sha huɗu tana nuna shirin Jeremy Kyle, inda ake haɗa dangi da ma'aurata masu rigima a gaban jama'a, a karanta musu sakamakon gwajin jini ko na na'urar gano ƙarya, ana ihu ana tafi. A watan Mayun 2019 aka soke shirin bayan wani da aka ɗauka a ciki ya mutu 'yan kwanaki da ɗaukar. Mu a Jos mun san shirin Big Brother sani na kusa, domin Kevin Pam, ɗan Filato, ya lashe na Afirka a 2009, Efe Ejeba kuma, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos, ya lashe na Najeriya a 2017 da kyautar naira miliyan 25. Ban ga laifinsu ba, sun shiga gasa sun ci. Tsarin shirin nake so ku duba. A kulle samari da 'yan mata makonni a gida ɗaya babu waya babu labarin waje, a kawo musu giya ranar casu, a sa kowa ya ambaci wanda yake so a kora, a kunna kyamara dare da rana. Wanda ya tsara haka ya san faɗa da fitsara za su zo. In sun zo a kori mai laifi a ce an bi doka, amma guntun hoton yana nan yana yawo yana jawo sababbin 'yan kallo. Kamfanin da ke shirya shi da kansa ya sanar da cewa an kaɗa ƙuri'a fiye da miliyan 900 a zangon 2020 na Najeriya.

A gida ma mun ga irin kuɗin da ake biya. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita a Kano, ya bi wayoyi hannu zuwa hannu, jaridu da rediyo suka ɗauka. Ba zan kama sunanta ba, don an kama shi ya isa. Abin da ya biyo baya shi ne dakatar da shirya fim a jihar na wata shida. Masu riƙe fitila da direbobi da masu dafa wa 'yan wasa abinci, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka zauna babu aikin yi, sunan matar kuma shi ya cika gari fiye da na namijin. A watan Fabrairun 2022 kuma Hajiya Ladin Cima ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake sallamarta da su a fim bayan shekarun da ta shafe tana wasa. Wannan magana ce mai nauyi, da ya kamata ta kai mu ga tambayar yarjejeniyar aiki da tsayayyen farashi da makomar ɗan wasa idan tsufa ya zo. Amma cikin 'yan kwanaki ƙananan tashoshin YouTube suka mayar da ita wane ya yi wa wane raddi, wance ta mayar da martani. Cece-ku-ce ya ci kasuwarsa ya watse, tambayar hakkin tsofaffin 'yan wasa kuwa aka bar ta a inda aka same ta.

Mai shirya irin waɗannan shirye-shirye zai ce shi abin da jama'a suke so yake ba su, da ba a kallo da bai yi ba. A maganarsa akwai gaskiya, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba zan wanke 'yan kallo ba. Amma abin da ido yake saurin kai wa daban, abin da mutum yake so wa kansa in ya natsu daban. Kowa yana waiwayawa in ya ji ƙarar haɗari a titin Bauchi, ba wanda zai ce yana fatan a yi haɗarin. Sannan sha'awa aba ce da ake rainonta. Yaron da tun yana aji ɗaya na sakandare ake cusa masa rigimar jarumai kullum, ba zai iya zama minti talatin ya saurari bayanin kasafin kuɗin jiharsa ba, sai kuma a dawo a ce ai matasa ba sa son shiri mai nauyi. Wanda ya saba wa mutane da abu ba shi da bakin fakewa da cewa sun saba.

Wani kuma zai ce ai wanda ya fito duniya ta san shi ya sayar da sirrinsa, kuma fallasa mugun aiki wajibin 'yan jarida ne. Rabin ƙarshe na maganar daidai ne, kuma ba na so ku ɗauka ina kira a rufa wa azzalumi asiri. A 2018 sashen bincike na BBC Africa Eye ya nuna yadda maganin tari mai kodin yake fita ta bayan fage yana lalata matasa, har da na Kano, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Wannan ma fallasa ce, an ɓoye kyamara, an kunyata mutane. Abin da ya raba ta da tonon silili tambayoyi ne guda uku da kowannenku zai iya yi. Shin abin da aka tona yana cutar da wasu, ko tsakanin mutum ne da iyalinsa da Ubangijinsa? Shin wanda aka tona yana riƙe da amanar jama'a ko iko a kan na ƙasa da shi? Shin in an gama kallo akwai abin da zai gyaru? Shugaban da ya ci kuɗin asibiti, da malamin da ke neman ɗaliba kafin ya ba ta maki, da furodusan da ke danne hakkin 'yan wasa, duk sun cancanci a haska su. Mutuwar auren mawaƙi ko ciwon da jaruma take ɓoyewa kuwa, saninsu ba ya ƙara wa kowa komai. Ɗan wasa ya sayar mana da wasansa ne, ɗakin kwanansa ba ya cikin cinikin.

Na san da yawanku za su ce kallo kawai suke yi don rage dare, ba su zagi kowa ba. To, a wannan zamani na'ura tana ƙirga kowane kallo, da daƙiƙar da ka tsaya, da turawar da ka yi zuwa zauren WhatsApp. Ko sharhin da ka rubuta na Allah wadai, a wurinta shaida ce cewa abin yana jan hankali, sai ta ƙara tura shi ga wasu. Mai tsinuwa da mai yabo duk riba ɗaya suke kawowa. Sannan akwai abin da kallon yake yi wa zuciyarka. Wanda ya saba dariya da hawayen baƙo, a hankali tausayinsa yake raguwa, ranar da ƙanwar abokinsa ta yi tuntuɓe sai ka ga ya zaro waya kafin ya miƙa hannu. Mafi haɗari kuma shi ne sabo da turawa ba tare da tantancewa ba, kuma mutanen Filato sun fi kowa sanin ƙarshensa. Bayan kashe-kashen watan Yunin 2018 a yankin Barikin Ladi, 'yan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun ƙara rura wutar, kuma an gano ɗaya daga cikinsu tsohon hoto ne daga ƙasar Kwango. An tare hanya an kashe matafiyan da ba ruwansu. Ɗan yatsan da ya saba tura bidiyon jaruma ba tare da tambaya ba, shi ne zai tura hoton gawa ranar tashin hankali. Addinan da muke bi a garin nan duk sun riga sun ja mana kunne. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da giba, ta kuma yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, Wasiƙar Yaƙub da littafin Karin Magana kuma sun yi gargaɗi mai tsanani a kan harshe da tsegumi.

Saura ku da kuke koyon sana'ar, a Rayfield ko a makarantar fim ko a Jami'ar Jos, da ku da kuka buɗe tasharku da waya ɗaya a Anguwan Rogo ko Tudun Wada ko Bukuru. Za a ce muku abu mai tsabta ba ya kawo kuɗi, kuma na san aikin yi ya yi wuya, data ma sai an saya. Ku tuna cewa a wannan tsaunin aka ɗauki Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, wasan da aka gina a kan noma da zaman iyali, wanda bankin UBA ya ɗauki nauyinsa, kuma har Sadiq Daba ya rasu a 2021 mutane suna kiransa Bitrus, sunan da ya fito da shi a wasan. In an ce wancan zamani ne da NTA ba ta da kishiya, to Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, a tsakiyar gasar yau suka fito, suka tara miliyoyin 'yan kallo da ƙarfin labari. Ɗan garinku Sani Mu'azu yana cikin waɗanda suka riƙe Kwana Casa'in. Hanyar ta fi tsawo, ta fi cin gumi, amma mai ita yana iya zama da surukinsa su kalli aikinsa tare. Tashar da aka gina a kan fallasa kuwa kullum sai ta nemo wadda ta fi ta jiya muni, in ta gaskiya ta ƙare a koma ƙage, daga nan sai kotu ko zubewar mutunci. In kun gayyato baƙo, ku gaya masa abin da za ku tambaye shi. In ya yi suɓul-da-baka a kan abin da bai shafi hakkin kowa ba, ku yanke shi. In kun kawo zargi, ku nemi wanda ake zargi ku ba shi fili daidai da na mai zargin.

Ku kuma sauran, ba na ce ku daina nishaɗi ba. Ku kalli ƙwallo, ku kalli wasan dariya, ku bi jaruman da kuke so a kan aikinsu. Amma in guntun bidiyo ya faɗo wayarka da jan rubutu, ka tambayi kanka wa ya yanke shi, me aka cire, wa zai ci riba, wa zai kwana yana kuka. In babu hakkin kowa a ciki, kada ka buɗe, kada ka tura, kada ma ka tsaya yin Allah wadai a ƙarƙashinsa. In abokinka ya turo maka, ka gaya masa cikin mutunci cewa kai ba a turo maka irin wannan. Shirin da ya koya maka wani abu kuwa, shi za ka tura, shi za ka yaba, don masu talla suna bin inda idanu suka nufa, kuma ku matasa ku ne mafi yawan idanun ƙasar nan. Kowannenmu yana da abin da Allah ya rufa masa, kuma yau kowa yana yawo a gaban kyamarar wani. Wanda ya taya aka rufa asirin ɗan'uwansa ya tanadar wa kansa al'ummar da za ta rufa nasa. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba ku sana'a mai albarka, ya zaunar da Filato lafiya.